Kar a Taɓa

A gidan tarihi, a Yamai,
sun kewaye ta da jar igiya,
sun rubuta: kar a taɓa.

Kakana Abarshi ya yi dariya har da tari.
Shekara bakwai ya yi yana karen mota a irinta,
Tawa zuwa Ƙwanni, Ƙwanni zuwa Tawa.
Ya ce, "Wannan ba ta tashi sai da lallashi.
Ka zura mata ƙarfe a hanci, ka juya,
in ta so ta yi gurnani,
in ta ƙi ta harbe ka kamar jaka."
Ya nuna mini wuyan hannunsa
inda ƙashi ya ɗinke a karkace.

Mai gadi ya juya baya.
Tsoho ya duƙa, ya shinshina:
babu esansi, babu albasa, babu gumin fasinja,
sai ƙamshin sabulu.
Ya ce, "Wankan gawa suka yi mata."

Sai ya leƙa ƙarƙashinta, ya daɗe.
Ɗigon baƙin mai, guda ɗaya, a kan siminti.
Ya dangwala da yatsa,
ya ɓoye hannun a aljihu
har muka isa gida.