Bangon Tsakiya

Gidanmu a Valparaíso maƙale yake a gefen tudu,
kwano shuɗi, matakala tamanin da huɗu daga titi.
Girgizar ƙasa uku ya gani, bai durƙusa ba.
Sai ni Fresia, da kuɗin sallamar mijina suka fito,
na ce ina son ganin teku daga inda nake yanka albasa.

Ƙanwar maƙwabciya ce ta kawo shi:
Eliodoro Maturana, mai zanen gini,
takalmi fes, kamar ba matakalarmu ya hawo ba,
fensir a bayan kunne, jakar fata,
da baki mai zaƙi, irin mai raba mutum da kuɗin cefane.
Ya ƙwanƙwasa bangon tsakiya da yatsa biyu,
ya ce, "Wannan ado ne, ba ya ɗauke da komai. A rushe."
Na ƙirga masa rabin kuɗi.
Ya danna hatimi a takarda, na ji sanyi a raina.

Tsoho Nibaldo, mai shekara arba'in yana kwaɓa siminti,
ya yi sara uku, ya ajiye guduma,
ya tsaya yana kallon sama kamar mai jiran hadari.
"Uwargida, ni ban yi makaranta ba,
amma bangon nan shi ke goye da ɗakin da jikarki ke kwana."

Na ce tsufa ne. Na ce kishi ne.
Kwana biyar, ƙofar sama ta ƙi rufuwa.
Lemon da na ajiye a ƙasa ya gangara shi kaɗai zuwa lungu.
Wata tsaga siririya kamar gashi
ta kwana, ta tashi ta kai faɗin farce.

Na tambaye shi kaurin ƙarfen da zai tare rufin,
ya ba ni labarin fenti.
Na sake tambaya, ya ce wayarsa ba caji.
Ramin ƙarya dai ƙurarre ne,
amma ni ce a ciki, da tukwanena.

Ranar Litinin na sauka ofishin birni.
Yarinyar ta buga lambar, ta gyara tabarau.
"Akwai shi. Eliodoro Maturana.
Sai dai shekara tara ke nan da rasuwarsa."

Da yamma ya zo, na dafa shayi, ban zuba masa ba.
Na tura takardar gabansa.
Ya daɗe yana murza bakin hularsa.
"Mahaifina ne. Sunanmu ɗaya.
Shekara ashirin ina riƙe masa igiyar awo.
Ina aji uku ciwo ya kwantar da shi, na bar karatu.
Na san aikin, na rantse na san aikin."
Na nuna masa sama. Bai ɗaga kai ba.

Na tausaya masa, ba zan ɓoye ba.
Amma tausayi ba ya tare rufi.

Yanzu gumagumai huɗu ne tsaye a tsakar kicin,
Nibaldo ya kafa su cikin dare, bai karɓi ko peso ba.
Wata Ximena ta zo, takalminta duk taɓo,
na nemi lambarta tun kafin ta zauna, ta yi dariya, ta bayar.
Ta ce a mayar da bango, a huda 'yar taga.

Kuɗina suna dawowa kaɗan-kaɗan, duk ƙarshen wata, a ambulan.
Hatimin kuwa ya bar shi a kan tebur,
yana nan cikin gwangwanin sukari.
Ban kai ƙara ba. Ban ce ba zan kai ba.

Ta 'yar tagar, in na yi ɗage,
ina hango teku kamar faɗin faranti,
da rabin jirgi.