Falle na Ɗari Biyu da Sha Ɗaya

A Valdivia ruwan sama ba ya gajiya.
Kwana tara yana dukan tagar ɗakin bincike
inda Eduvigis Llanquilef ke zaune tun asuba.
Ta kashe fanka, ta hana kowa tari,
ta riƙe numfashi kamar mai cire hakin da ya faɗa idon jariri.

Gabanta gutsuren ƙwaƙwalwar ɓera ne, bai kai ƙwayar gero ba,
an daskarar da shi cikin danƙo.
Wuƙar daimon na sauka tana askarsa falle-falle.
A tsaga silin gashi gida dubu, kaurin ɗaya ke nan.
Kowane falle ya kama gefen ɗan'uwansa,
suna fitowa bisa ruwa, launin azurfa,
jerin gwano marar ƙafa.

Ba ta taɓa su da yatsa.
Gashin ido guda ne, manne a bakin tsinke,
na mijinta Anselmo.
A kan matashi ta tsince shi,
shekarar da ya fara kiranta da sunan yayarsa.

Ɗari biyu da tara. Ɗari biyu da goma.
Sai ƙasa ta ɗan yi miƙa, yadda ta saba a garin nan,
cokali ya yi ƙara cikin kofi,
ba wanda ya tashi daga kujera.
Amma falle ɗaya ya naɗe, ya nutse.
Ta bi shi da kallo. Ta ci gaba da ƙirga.

Sauran ta kwantar da su kan gilashi.
Aka rina su ja da kore, madubi ya ɗauki hoto,
aka wanke, aka sake rini, aka sake wankewa,
wuri ɗaya ana tambayarsa sau shida,
kowane launi da amsar da yake bayarwa.
Kwamfuta ta kwana uku tana jera hotuna,
wannan bisa wancan,
har abin da wuƙa ta raba ya koma ya tsaya da tsayi da faɗi da zurfi.

Ga kurmi cikin allo.
Baltasar, ɗalibinta, yana juya shi da ɗan yatsa.
Wata jijiya ta taho daga nesa, ta lanƙwasa,
ta miƙa hannu ga wata,
sai duhu, siriri kamar zare.
Bayan duhun kowacce ta kama gabanta.

Sun gaisa? Sun wuce juna?
Amsar tana gindin ruwan da aka zubar ran Talata.

Ya ce, na'ura za ta iya cike gurbin,
ba mai ganewa.
Ta ce, ni fa?
Bar shi. Rubuta: nan ba mu sani ba.

Da magariba ta ƙetare gadar Calle-Calle, lema na ɗiga.
Anselmo na bakin murhu, ya ɗago kai,
ya daɗe yana neman sunanta.
Ta tuɓe takalma, ta zauna kusa,
ba ta faɗa masa ba.
Ta jira.