Allurar da ke Jikin Bututu

Ƙarfe uku na dare a Geben Zogi.
Karnukan Tawa sun gaji, sun yi shiru.
Ni kaɗai ce a farke, ni da allurar nan
da Asumana mai walda ya ɗaura a jikin bututu,
kamu biyu sama da bakin murhu.
Jikka huɗu ya karɓa, wai ya yi mini ragi.

Babana bai san lamba ba.
Bayan hannu yake kaiwa kusa da ƙarfe,
ya ƙirga a zuci, ya janye,
ya ce a ƙara bagaruwa guda,
ko ya ce a bar ta ta sha iska.
Wani sa'in tofi yake yi:
in miyau ya yi tsalle ya ɓace, a kawo ƙullu,
in ya kwanta yana kuka, da saura.
Shekara talatin da ɗaya,
sau biyu burodinsa ya ƙone,
duka biyun ya ce laifin itace ne.

Ni hannuna maƙaryaci ne.
Sabulu da ruwa sun cinye masa ji.
Shi ya sa nake zaune ina duban fuskar ƙarfe
kamar mai jinya a gefen gado.

Ƙasa da ɗari da ashirin, wuta na ƙwauro,
hayaƙi ya hau da nauyi kamar mai ciwon gwiwa,
yana barin baƙin danƙo a maƙogwaron bututu,
yau kaɗan, gobe kaɗan.
Danƙon nan na san shi.
Bara, da damina, Agali ya kawo ɗanyen itace a amalanke,
ya rantse ya bushe.
Mako shida muna shaƙe murhu da shi.
Ran da na samu busasshiyar ƙirya na cika ciki,
sai bututu ya yi gurnani,
ya yi ja tun daga gindi har kwano,
tartsatsi na zuba a rumfar maƙwabta.
Da bokiti muka yi sallar asuba ranar.

Sama da ɗari uku kuwa,
kuɗina ne ke fita ta saman ɗaki
suna ɗumama taurari.

Tsakanin nan nake zaune.
Ɗari biyu, da ɗan ɗoriya.
In allura ta karkata dama, in tura marfin iska da ƙafa,
in ta sunkuya, in tsaga ƙaramin reshe in ba ta.
Ba ta godiya. Ba ta kuma ɓoye mini komai.

Baba yana nan a tabarma, bayan buhunan fulawa,
idonsa ya yi hazo, barci ya ƙi shi.
Yakan ɗaga hanci ya ce, "Ramatu, ta kai."
Sau da yawa in na duba, ta kai ɗin.

Daren jiya ya faɗa,
allura tana ɗari da sittin.
Na ce, "To, Baba."
Na yi ta motsa faranti, ina jan tire a ƙasa
don ya ji kamar aiki ya fara,
har ta hau inda nake so.

Da gari ya waye ya gutsuri na farko,
ya tauna, ya daɗe yana taunawa,
ya ce, "Kin gani?"