Sikeli Bai Iya Karatu Ba

Mannir ya dawo daga Dubai ran Laraba.
Ko jaka bai sauke a gida ba
ya biyo ta rumfata a Ƙofar Marusa,
ya ce, Kawu, wanke hannu.
Na ce, me za mu ci?
Ya ce, ba ci ba ne, gani ne.

Sulalla biyu na zinariya.
Ɗaya tsirara, ƙulle a bakin hankici,
ɗaya a gidan roba, an liƙe ko'ina,
ba ƙofa, ba taga,
da 'yar takarda a goshinsa: saba'in.

Shekararsu guda, in ji shi,
injin da ya haifi wannan shi ya haifi wancan.
Sai dai wasu masana a wata ƙasa
sun sa wa wannan tabarau,
sun duba ciki, sun duba baya, sun bi gefe,
ba su sami ko sawun ƙuda ba.
Sittin da tara tuli ne, Kawu.
Saba'in ce ƙarshen magana.

Nawa ka biya?
Ya bi wani ɗan acaɓa da kallo
har ya sha kwana.
Kuɗin wancan, da rabinsa a kai.

Shekara arba'in da ɗaya ina zaune gaban sikeli.
Sikeli bai iya karatu ba.
Ɗora masa warwaro, ɗora masa haƙorin Makka,
tambayarsa ɗaya ce.
Na aza tsiraran: giram talatin da ɗaya da 'yar ɗoriya.
Na ce, fasa wancan mu gani.
Ya fizge kamar na taɓa masa ido.
In an fasa, saba'in ta tashi!
Na ce, ashe roba ka saya,
zinariyar gyara aka yi maka.

Wata biyu bai gaishe ni ba.

Da ruwa ya yi ruwa cikin Agusta
katangarsa ta kwanta a Rafin Daɗi.
Ya zaga 'yan gwal na kasuwa, rumfa rumfa,
kowa ya jijjiga robar a tafin hannu
ya faɗi farashin ranar, ko kwabo bai ɗora ba.
Masu son saba'in suna can cikin waya,
bayan teku, suna neman hoto,
ɗayansu ma ya ce irin na bana
saba'in ɗinsa ta fi dubu.

Ya zo bayan la'asar, ba dogon sallama.
Tsiraran ya miƙo.
Na auna, na ƙirga masa, ya sayi bulo da siminti.
Mai gidan roba ya koma aljihu
yana jiran mai sonsa.

Na so in yi dariya, ban yi ba.
Don a ƙasan akwatina, cikin gwangwanin madara,
akwai liyarin Inna Yalwa.
Azurfa ce, ba ma zinariya ba,
an huda ta, an rataya, gumi ya cinye fuskar matar da ke jiki
har hancinta ya shafe.
Masanan Mannir ko goma ba za su ba ta ba.
Sada dillali ya taya sau uku, ninki biyu na nauyinta.
Na ce masa ta ɓace.

To wa zai yi wa wa gori?
Ni ma ina riƙe da abin da sikeli ba ya gani.
Shi yana biyan hannun da bai taɓa ba,
ni ina ƙin sayar da hannuwan da suka taɓa.

Jiya ya sake zuwa da ɗansa ƙarami.
Yaron ya ɗaga robar, ya kanga ta a rana,
ya ce, Baba, yaushe za a buɗe?
Mannir ya dube ni.
Na ci gaba da goge sikelina.