Sakan Arba'in da Ɗaya

Shagona bai fi taku huɗu ba,
a Jekadafari, tsakanin mai walda da mai katifa.
Kwamfuta ɗaya, fanka mai ciwon wuya,
da fararen fayafai a jere, ba a taɓa su ba.

Bayan la'asar Malam Bappayo ya shigo,
tsohon direban tanka, ya daɗe da ajiye mota.
Ya kwance ƙullin hankici a kan teburina,
ga memori, ƙanƙani kamar farcen jinjiri.
Ya ce wayar ta faɗa randa tun bara,
wannan kaɗai aka tsamo da rai.

Na soka shi.
Hotunan rasit, tayar da ta fashe a hanyar Kumo,
sai bidiyo guda, sakan arba'in da ɗaya.
Ya ce, wannan.

Wata mata ce a tsakar gida tana tsince shinkafa,
hoton na rawa, mai ɗauka bai iya ba.
Ta ɗago, ta kare fuska da faifan kaba:
“Kai dai ba ka da aikin yi.
Kashe abin nan ka miƙo min gishiri.”
Sai dariya, sai hoto ya kife kan siminti.
Shi ke nan.

Ban tambaya ba. Shi ya ce,
Dudu ke nan. Da azumin nan za ta shekara biyu.
Autanmu ya ce ya fara manta muryarta.

Na ce, Malam, injin gidanku ba ya jin yaren waya,
sai na juya masa shi tukuna.
Kuma abin da aka yanka daidai tafin hannu,
in an baza shi a talabijin, dushewa yake.
Ya ce, ko inuwarta ce, a saka.

Koren layi ya fara rarrafe,
kashi sittin, kashi saba'in da uku,
wuta ta ɗauke.
Sau huɗu na ja igiyar janareta kafin ya yi tari.
Muka koma farko. Shi dai ya ƙi zama.

Ya ce, faifan nan nawa yake ci?
Na ce, awa biyu. Ga wuri, in ƙara wa yara fim?
Ya ce, a'a. Maimaita ta har ya cika.
Na buga lissafi a bayan kwali,
sau ɗari da saba'in da biyar.

Da na ce saura in ƙona, sai ya riƙe min hannu.
Na ce, bakin 'yan sana'a ne, Malam.
Wuta ce siririya, ba ta kai gashi ba,
rubutu take yi, ba ta cin komai.

Na farko injin ya tofo shi, ya lalace,
asarata ce, na jefa kwando.
Na biyu ya fito da ɗumi kamar masa.
Muka gwada a tsohon talabijin na kan kanta.
Fuskar ta yi dabbare-dabbare, gaskiya,
amma muryar ta fito tas.
Ta nemi gishiri, ta yi dariya,
ta sake neman gishiri.
Mai walda ya leƙo da gilashinsa a goshi,
ya kalla sau biyu, ya koma bai ce komai ba.

Na ɗauki alƙalami, me zan rubuta a kai?
Ya daɗe yana juya hularsa.
Ya ce, rubuta: kar a ba da aro.

Ɗari bakwai ne. Ya ƙirga sau biyu,
ya naɗe faifan a hankicin da bai isa ya rufe shi ba.

Ƙa'idata ce in goge kayan mutane
kafin in sa wa shago kwaɗo.
Yau kwana tara tana nan ban goge ba.
Na san faifai, yana karcewa,
kuma gidan akwai yara.