Ƙwan Tocila a Gwangwanin Sadin

Mai shago a Tashar Dukku ya faɗi kuɗin mita,
na yi dariya, na ce a gai da gida.
Na dawo Herwagana hannu rabbana,
na zazzage akwatin tarkacen Bappa Gidado a tabarma.

Ga tocilar da ta fashe fuska,
ƙwanta lafiya lau, bai fi ƙwayar wake ba.
Batir biyu na jera, kan wannan a gindin wancan,
na ɗaure su tamau da robar tayar keke.
Wayar cajar da ɓera ya ɗanɗana
na fere ta da reza har jan ƙarfe ya leƙo,
ja ɗaya, baƙa ɗaya,
kowace na ɗaura mata allurar keken Yaya Hajjo.
Ba ta sani ba tukuna.

Gidansu gwangwanin sadin,
na wanke sau uku, ƙarnin ya ce yana nan.

Na haɗa bakin allura da allura: haske.
Na raba su: duhu.
Iyakar iliminsa ke nan,
i ko a'a, ba ya kwana-kwana.

Sai rediyon Bappa, wata bakwai yana bebe.
Shekara talatin mutumin nan yana gyaran na mutane,
yau hannunsa ko cokali sai da rawa.
Daga kan gado, ido a rufe, ya ce,
"Cire batirinsa tukuna, ɗan nan.
Ba a auna hanya ana tafiya a kanta."

Na buɗe bayansa.
Koren allo, layuka sun bi ta ko'ina
kamar lungunan Jekadafari,
wani ya ɓulle, wani ya kai ka bangon wani.
Na bi su gida-gida ina sallama.
Makunni ya amsa.
Wayar lasifika ta amsa har da ƙas-ƙas.
Na kai wani siririn layi kusa da mazaunin batir,
na dafa nan, na dafa can,
shiru.

Ido bai ga komai ba.
Sai da na karkata allon ga rana
na hango tsagar, ba ta kai silin gashi ba.
Ashe wannan ce ta rufe bakin duniya wata bakwai.

Ƙusa na tura a garwashin murhu,
ɗigon dalma ɗaya, ƙauri ya tashi,
na ƙone babban yatsa, ban ce uffan ba.
Allura nan, allura can.
Ƙwan wake ya buɗe ido.

Na mayar da batir, na murɗa.
Wata murya tana faɗin farashin masara a Kumo.
Bappa bai ce sannu ba.
Ya ce, "Dalmar ta yi yawa, tun daga nan na ji ƙaurinta,"
ya jawo rediyon ya kwantar a ƙirji.

Daga tsakar gida Yaya Hajjo ta ɗaga murya:
"Wai wa ya taɓa min allurai?"