Bokitin Bature

Shekara hamsin da biyu ina ɗinkin fata a Birni,
sai ga ni kan benci, da kaye da bik a hannu,
Mushe Zabeiru na koya mana Ingilishi bayan isha'i.
Wata mai sarin jakunkuna ce daga Akara
take kira ta waya,
ni kuwa ko Faransancina guntu ne.

Daren farko ya rubuta a allo:
in ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya,
su sai su ce ana zubo kyanwoyi da karnuka.
Na leƙa sama ta taga. Tsakiyar bazara,
famfon unguwarmu kwana tara bai ko yi tari ba.
Na ce, Mushe, ko ɓeraye ne a zubo mana,
in dai da danshi a jikinsu.

Ya ce wanda ya harbi bokiti ya rasu ke nan.
Wannan ban nemi ƙarin bayani ba.
Cima kan tashi tun kafin assalatu,
ta bi layi a bayan duwatsu, ta dawo da hantsi.
Duk wanda ya harbi bokitin Cima
lallai kwanansa ya ƙare.
Ashe Bature ma ya taɓa zama Damagaram.

Zubar da wake, wai tona asiri.
Mu nan wake ɗaya ke ɓata gari,
su sai sun kifar da kwano duka.
Ja wa mutum ƙafa, zolaya ce.
Karya ƙafarka, wai fatan alheri!
Na aje bik, na ce wace irin addu'a ce wannan?

Mushe ya kaɗe alli daga rigarsa.
Ya ce, kai fa, baduku?
Jiya ka ce ka sha wuya a kasuwar Dole.
A wane kofi?
Ka ce Manzo ya ci amanarka. Da miyar me?
Baƙin cikin da ka yi,
wa ya buɗe cikin ya ga launinsa?
Ajin ya fashe da dariya.
Ban fashe ba, na dai duba ko wani ya tsage.

Ran Alhamis matar ta kira.
Na faɗi kuɗin jaka goma, ta ja numfashi,
ta ce wannan ai sai da hannu da ƙafa.
Na gane. Wallahi na gane, tsada take nufi!
Na harhaɗa 'yan kalmomina na ce gaskiya ne,
hannun nawa ne, basilla ta huda shi,
ƙafar ma tawa ce, ita ke zuwa majema.
Ta yi dariya, ta rage dala ashirin.
Na ce albarka, da Hausa,
don Mushe bai kai mu nan ba tukuna.

Na dawo gida da dare, ba wuta.
Bokiti na nan bakin ƙofa, cike har baki,
wata na kwance a cikinsa.
Na tattare riga,
na kewaye shi a hankali.